Wa ya taɓa zama ajin da aka haɗa adabi da muhalli?

Ɗaliba daga Marwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina shekara ta biyu a sashen Turanci. Malaminmu na adabi ya ce kowa ya samo tatsuniya a bakin tsofaffi, ya lissafa itatuwa da dabbobin cikinta, sannan ya zaga unguwarsu ya ga nawa suka rage. Ya ce fanni ne mai zaman kansa, tun 1990 Jami'ar Nevada da ke Reno a Amurka ta ɗauki Cheryll Glotfelty farfesar adabi da muhalli. Wa ya taɓa yin irin wannan aiki?

Ɗan masunta daga Kusuri: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi, kuma bai bar raina ba har yau. Wurin kakana na je, yana ɗinkin koma a zaure. Na roƙe shi waƙar da suke yi in za su ja taru, ya rera, kifi na bin kifi: giwan ruwa, ragon ruwa, tarwaɗa, karfasa. Da ya zo kan giwan ruwa sai ya ajiye zaren, ya ware hannuwansa iyakar tsawonsu, ya ce wanda suka kamo a ƙuruciyarsa ya fi haka. Ni ban taɓa ganin mai girman nan a kasuwa ba. A littafi mun karanta cewa Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, kafin farin 1973 da na 1984 su cinye yawancinsa. Wallahi sai a hannun tsohon nan na gane ma'anar lissafin.

Malamar sakandare daga Garwa: Ni ɗalibaina na gwada wa. Na tambaye su marke, kowa ya san gawayinsa, biyu kaɗai suka taɓa ganinsa a tsaye.

Wani daga Njamena: Malama, abin da ciwo. Amma ina roƙo kada aikin ya tsaya kan fari kaɗai. A 2022 ruwan kogunan Shari da Logon ya shigo mana gida cikin dare, muka ɗora littattafan mahaifina a kan ƙofar da muka cire, muka tura ta kamar kwalekwale. A 2024 ya sake dawowa. Wannan ma yana neman mai rubuta shi, da Hausa.

Ɗaliba daga Marwa: Na gode, Allah ya saka. Jiya Inna ta ba ni tatsuniyar Gizo, na ƙirga kuka, tsamiya, gawo, kanya da aduwa. Na bi unguwa har bakin kogin Mayo Kaliyawo, tsamiya ɗaya na samu a bayan masallaci. Darbejiya kuwa, wadda ta rufe titunan Marwa da inuwa, ba ta cikin tatsuniyar. Na tambayi Inna dalili, ta ce ai baƙuwa ce, kakanninta ba su san ta ba. Malam ya ce daga Indiya aka kawo ta, kuma a kanta zan rubuta aikina.