Gini ya tsaya a linta, in ci gaba ko in sayar?

Salam jama'a, don Allah masu gini da waɗanda suka taɓa yi ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Na fara gina gidana ne don in tsara shi yadda nake so kuma in riƙa yi a hankali daidai ƙarfina, to yanzu an kai linta kuɗi sun ƙare, ga haya ina biya, ga siminti da rodi kullum sai hawa suke, lissafin da magini ya yi min tun farko ko kusa bai kai ba. Saura rufi, filasta, wayarin, famfo, ƙofofi da tagogi, kuma kowa cewa yake nan ne ma kuɗin yake.

Abin da ya fi damuna ruwan sama. Bulo yana shan ruwa, wani bango har ya fara baƙi, rodin da aka bari a waje ya yi tsatsa. Akwai ragowar siminti ma, an ce in ya wuce wata 3 a ajiye ƙarfinsa raguwa yake.

Yanzu wani yana so ya sayi kangon, ni kuma in cika in sayi ginanne. Amma gaskiya ginanne tsoro yake ba ni, fenti na ɓoye tsaga, ba ka san yadda aka zuba fandishan ba, nawa kuwa a gabana aka haɗa kankare.

Shin zai yiwu in rufe ɗaki biyu da banɗaki kawai in tare, sauran daga baya, ko raba rufin zai jawo yoyo a mahaɗa? Kuma tsatsar rodin gogewa ta isa ko sai an canza?