Shigar da bayanai ya koma tafiyar hawainiya, wa ya taɓa gani?

Mai rajistar riɗi, Gumel: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni nake riƙe wa wata ƙungiyar manoma rumbun bayanai a manhajar PostgreSQL. Farkon kaka, shigar da awon buhu ƙiftawa da bismilla ne. Yanzu manomi na tsaye a rana da rasit a hannu, ni ina kallon allo yana ta juyawa. Har janareta na ɗora wa laifi. INSERT ne fa kawai, wato umarnin saka sabon layi a teburin bayanai, me zai sa shi nauyi?

Ɗan Kura: Wa alaikumus salam. Malam, akwai tiriga a teburin, wato umarnin da ke tashi da kansa duk lokacin da aka saka layi? Ni ita ta ci ni lokacin tumatir. Na sa ta duba ko lambar rasit ta taɓa shiga, amma ban yi wa wannan gurbin fihirisa ba, wato jerin da ke sauƙaƙa nema. Ashe duk layin da na saka sai ta karance teburin kaf. Da layuka ba su da yawa ban ji ba, da suka taru ne abin ya fito fili. Sa EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna yadda aikin ya gudana, a gaban INSERT ɗin, a ƙasa zai nuna lokacin da kowace tiriga ta ci. Amma ka kula, da gaske yake shigar da layin, don haka ka fara da BEGIN ka rufe da ROLLBACK, wanda zai soke shigarwar bayan gwajin.

Malama daga Birnin Kudu: Nawa a manhajar MySQL ne, kuma abin kunya. Lambar waya na ajiye a matsayin rubutu saboda sifilin farko, sai nake nemanta kamar adadi, ba alamar zance. Nan take ya watsar da fihirisar, EXPLAIN ya nuna mini ALL, wato yana karance teburin kaf. Kwana uku ina zargin kwamfutar.

Na Haɗejiya: Ni manhajar SQLite ce a tsohuwar laftof. Ba karance tebur ba ne ma, kowane layi yana jiran faifai ya tabbatar da shi daban. Na haɗe su cikin BEGIN da COMMIT ɗaya, wato a tabbatar da su duka lokaci guda, shi ke nan.

Mai rajistar riɗi, Gumel: Ɗan Kura, Allah ya saka da alheri, tirigar ce. Na yi fihirisar bayan Magariba. Sai dai ƙaramin teburin ƙauyuka har yanzu Seq Scan yake nunawa, wato karance shi ake yi kaf.

Ɗan Kura: Ƙyale shi. Layi nawa ne a ciki?