Kuɗin hannunmu ba zai isa komai ba: da wanne za mu fara a firamarenmu?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) na wata firamaren gwamnati a jihar Katsina, kuma 'ya'yana biyu suna can, namijin a aji 3, macen a aji 5. Bayan ƙaramar salla tsofaffin ɗaliban makarantar suka yi karo-karo suka damƙa mana naira 1,400,000, suka ce mu yi abin da ya fi amfanar yara. Tun ranar kan kwamiti ya rabu.

Ga halin da ake ciki. 'Yan aji 1 zuwa 3 a ƙasa suke zaune, simintin ma ya farfashe, da hunturu sai ka tausaya musu. Iskar farkon daminar bara ta yaye kwanon azuzuwa biyu, aka haɗe yaran da wasu, yanzu aji guda ya haura 100. Famfon tuƙa-tuƙa ya daina kawo ruwa. Masai guda biyu ne, ɗaya ya cika, ɗayan ba ƙofa. Babu katanga, awaki da masu babur ta tsakiyar fili suke ratsawa.

Shugaban kwamiti benci yake so, don duk wanda ya leƙo zai ga an yi aiki. Hedimasta ya dage a kan rufi. Ni kuma abin da ke ci mini rai shi ne 'yata ta ce ba ta shan ruwa da safe don kada fitsari ya matsa mata a makaranta. Don Allah waɗanda suka san harkar nan, da wanne za mu fara?

Malama Uwani:
Wa alaikumus salam. Malam, amsar tana bakin 'yarka. Na daɗe ina koyar da aji 5 da 6, kuma abin da zan faɗa ba kasafai yake zuwa kunnen kwamiti ba, saboda yawanci maza ne a zaune.

A ƙauyukanmu yarinya ba ta shiga aji 1 da shekara 6 kamar yadda tsari ya ce, wata sai ta kai 8 ko 9. Kafin ta kai aji 6 ta fara al'ada. Idan babu masai mai ƙofa da sakata, babu ruwa a buta, za ta zauna gida duk wata na kwanaki. Ba za ta gaya wa malami dalili ba, uwar ma cewa za ta yi ba ta da lafiya. A hankali karatu ya wuce ta, ta ji kunya, sai uwar ta ce to gara ta ɗauki tallan. Ka karɓi rajistar aji 5 da 6 ka duba layin 'yan mata da kanka, za ka ga yadda fashin yake tafiya.

Ƙananan kuma, da an tashi tara sai su ce za su je gida shan ruwa. Rabinsu sai gobe. Wasu su biya kududdufi su yi wanka, daga nan ake kwaso tsargiya, ka ga yaro yana fitsarin jini iyaye suna ɗauka balaga ce. Benci yana da kyau, ba na raina shi, amma yaron da ke kan tabarma yana iya koyon karatu, wanda ya tafi gida ƙarfe 10 ba ya iyawa. Ku gyara famfo, ku yi wa mata masai nasu daban, nesa da na maza, ƙofar kada ta kalli fili. Kuma ku sa iyaye mata biyu ko uku cikin masu yanke shawarar inda za a haƙa.

Injiniya Ɗan Funtua:
Ina bayan Malama, sai dai ƙarin bayani ta fuskar aiki. Kafin ku kashe ko sisi, ku kira makanikin famfo ya zare sandunan ya duba. Famfunan tuƙa-tuƙa irin su Afridev da India Mark II sau da yawa roba ce ta cinye ko sanda ta tsinke ko bututu ya huje, ba ruwan ne ya ƙafe ba. In haka ne gyaran ba zai ci kaso mai yawa ba. Ku kuma tuntuɓi hukumar RUWASSA ta jiha, aikinsu ne ruwa da tsafta a karkara.

Masai kuwa a bar aƙalla mita 30 tsakaninsa da rijiyar famfon, a gina ramin da bulo, a sa bututun iska mai raga a baki don ƙuda da wari. Amma yallaɓai kada ku manta da azuzuwan da ba rufi. Ko ba za ku rufe bana ba, ku duba katakon da ya rage, ku ɗaure na sauran azuzuwan da langa-langa kafin watan Mayu, in ba haka ba iska za ta ƙara muku aiki.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana Baban Khalifa, Allah ya yi albarka da wannan kishi. Ni ta wani gefen zan zo. Rufi da benci da gina aji, akwai masu alhakinsu. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, jiha ta kawo nata kason daidai da shi, SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta yi aikin. Don haka ku rubuta takarda da sa hannun shugaban kwamiti da hedimasta da mai unguwa, ku haɗa hotunan azuzuwan da adadin yara aji-aji, ku kai wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, ku riƙe kwafi mai hatimi. Ku rubuta a ciki cewa tsarin ilimi na ƙasa malami 1 ga yara 35 ya tanada a firamare. Sannan a riƙa bibiya, ba a ajiye a tafi ba.

Abin da na gani a zamanina, gina masai ba shi ne wuyar ba, riƙe shi ne. Ba katanga, mutanen unguwa za su mai da shi nasu da yamma da ranakun hutu. Ku sa kwaɗo, makulli a hannun malama guda da maigadi, a buɗe tun kafin asambuli, kada yarinya ta tsaya roƙon makulli a ofis gaban maza. Ku ware wani abu daga kuɗin don sabulu, butoci, tsintsiya da gyaran famfo nan gaba. Kuma duk abin da aka kashe a manna shi a bangon ofis, waɗanda suka ba da kuɗin nan za su sake bayarwa in sun ga gaskiya.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, na karɓi rajistar yau, kuma abin da kika faɗa yana nan a aji 6, zan kai ta zaman kwamiti ranar Asabar. Baba, takardar zan rubuta ta da daren nan. Injiniya, mai unguwa ya ce ƙasar gefen gabas inda muke da fili rairayi ce. Ramin zai tsaya da bulo mai inci 6, ko sai mai inci 9?