Sadakin zinare a Iran: kariya ce ga mace ko tarko ga miji?

Maman Yara: Ni dai ina nan kan bakata, matan Iran sun fi samun kariya a aure. Sadakinsu, mehriye, da tsabar zinare ake yanka shi, wadda suke kira Bahar Azadi, kowace ɗaya giram 8 da ɗoriya. Wata macen tsaba 14, wata tsaba 114 adadin surorin Alƙur'ani, wata ma adadin shekarar haihuwarta a kalandarsu, sama da 1300. Namijin da ke da wannan bashi a wuya ba zai yi saki don kawai ransa ya ɓaci ba.

Ɗalibin Kum (birnin karatun addini a Iran): Hajiya, ai ba lakadan ake biya ba kamar namu. A takardar aure ake rubutawa, bashi ne sai ranar da ta nema. Bayan khastegari, wato zuwan dangin saurayi neman aure da furanni da kayan zaƙi, akwai zaman bale-borun inda ake yanke magana. A nan ne za ka ji ana lallashin dangin ango da "mehriye ro ki dade, ki gerefte", wa ya taɓa ba da sadaki, wa ya taɓa karɓa? Sai yaro ya sa hannu kan abin da ba zai iya biya ba har ya mutu.

Malam: Kuma ranar da aure ya lalace ta kai ƙara, in bai biya ba ana iya tsare shi. Dubban maza sun shiga gidan yari a kan haka. Shi ya sa dokar iyali ta 2013 ta taƙaita tsarewa ga tsabar zinare 110, abin da ya haura sai gwargwadon ƙarfin mutum. Sadakin da ake ɗaure mutum a kansa ya bar hanyar sauƙaƙawa da addini ya koyar.

Maman Yara: Malam, Allah ya gafarta, ku duba ta ɓangaren matar. Saki a hannun miji yake. Wadda aure ya zame wa azaba, me take da shi na ciniki? Sadakin nan. Su da kansu suna cewa "mehram halal, janam azad", na yafe maka sadakina, ka sakar mini raina. Wadda sadakinta bai taka kara ya karya ba, me za ta yafe?

Ɗalibin Kum: Wannan gaskiya ne, Hajiya, ban musa ba. Amma kin ga ke nan ta fita ba ko tsaba ɗaya a hannunta.

Maman Yara: Ta dai fita, ɗana.