Gwaji ya ce babu ƙwayar cuta, amma ƙugun Yayata na ta tsatsafar ruwa

Maman Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayata mai sikila ce, an sa mata ƙugun ƙarfe shekara 2 da suka wuce. Yau wata 4 ke nan bakin ɗinkin ya yi 'yar ƙofa, ruwa na tsatsafowa, ciwo ya hana ta barci. Sau biyu ana goge ruwan da auduga a kai gwaji, a ce babu abin da ya tsiro. Tun farko take shan Augmentin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. To me ke cinta? Don Allah masana ku taimaka.

Malam Habu (ɗakin gwaji): Wa alaikumus salam, Allah Ya ba ta lafiya. Hajiya, raunin da ya buɗe har zuwa ƙarfen shi kansa shaida ne cewa akwai cuta. Auduga galibi ƙwayoyin saman fata take kamowa. Na cikin suna lafewa jikin ƙarfe, su yi wa kansu rufi mai yauƙi, ga maganin da take sha yana hana su tsirowa a gwaji. Shi ya sa likita kan dakatar da shi kamar mako 2, in jikinta zai jure, sannan ya zuƙo ruwan gaɓar da allura ko ya ɗebo tsoka daga wurare 3 zuwa 5. A roƙi masu gwajin su riƙe samfurin kwana 14. Wasu ƙwayoyin, irin su Cutibacterium acnes, jinkirin tsirowa gare su. In an zubar da farantin da ake rainon ƙwayoyin a kai a kwana 2 ba za a gan su ba. Tunda sikila ce, a tuna musu da Salmonella, ƙwayar cutar da kan kama ƙashin masu sikila.

Anti Rabi: Kada dai ta daina maganin da kanta. In zazzaɓi ya taso, asibiti a daren nan. A kuma nemi gwajin tarin fuka, yana kama ƙashi ko babu tari.

Baban Imam: Mahaifinmu haka ya sha fama da gwiwa, ashe ƙwayar cutar Brucella ce daga ɗanyen nono. Sai da aka yi gwajin jini na musamman. Tana shan madarar da ba a tafasa ba?

Maman Sadiya: Wallahi tana sha, daga ruga ake kawo mana. Na gode ƙwarai. Alhamis muke komawa asibiti, na rubuta duka a takarda zan miƙa wa likitan.