"Maganin biri karen Maguzawa": ta dace da fursunan da aka tura yaƙi?

Ɗan Fagge: Jama'a, ina ganin wannan karin maganar ta hau kan fim ɗin The Dirty Dozen na 1967 daram. Manjo Reisman, wato Lee Marvin, ya ɗebo sojoji fursunoni 12, biyar cikinsu igiya ke jiransu, aka tura su wani katafaren gida kusa da Rennes a Faransa su hallaka hafsoshin Jamus gab da saukar sojojin ƙawance a Normandi a 1944. Aikin da ba ya son tausayi sai mara tausayi.

Malam Na-Gobir: Ɗan Fagge, ka ɗauki rabinta. Karen yana maganin biri ne saboda yana jin kiran mai shi. Dubi yadda aka horar da su: su suka gina sansaninsu da hannunsu, an ce in ɗaya ya gudu duka za su koma kan hukuncinsu, da suka ƙi aski da ruwan sanyi aka hana su sabulu. Shirin harin ma matakai 16 ne, aka mayar da shi waƙa suna maimaitawa har ya zauna. Ba muguntarsu aka saya ba, an ɗaure ta ne.

Hajiya Ta-Damagaram: Malam, ɗaurin bai kama kowa ba. Likitan ƙwaƙwalwa ya riga ya ce cikin fursunonin Maggott ne mafi haɗari, aka tafi da shi duk da haka. A cikin gidan ya daɓa wa wata mata wuƙa, ya buɗe wuta kafin lokaci, hafsoshin suka ruga ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa sai da aka zuba fetur da gurneti ta ramukan iska. A kansa "hali zanen dutse" ce ta dace.

Ɗan Fagge: Hajiya, to fim ɗin Karma na Indiya fa, na 1986? Dilip Kumar ya ɗauko uku daga masu jiran kisa don su yaƙi shugaban 'yan ta'adda Dokta Dang, kuma sun tsaya masa.

Malam Na-Gobir: Can da sauƙi, uku ne kacal kuma shi mai kula da gidan yari ne, ya san wa ya zaɓa. Amma ku ƙirga gawa a na farkon. Cikin 12, Wladislaw kaɗai ya dawo da rai, janar-janar ɗin da suka tsara aikin kuwa ko ƙwarzane. Nan "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi" ta fi zama.

Hajiya Ta-Damagaram: Wannan na yarda, Malam, sai dai Reisman ba gardi ba ne. Tare da su ya yi tsalle daga jirgi, kuma a gadon asibiti fim ɗin ya bar shi.