Masu ƙyanƙyasa da inji a gida, don Allah ku zo mu ji

Uwar tsaki, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙwai 48 na zuba a ɗan injina, kwana 21 ya cika guda 19 kaɗai suka fito. Da na fasa sauran, takwas na tarar tsakon ya cika, har ya huda ɓawo da baki, amma ya mutu a ciki. Farar tantanin nan ta bushe ta manne masa a jiki kamar leda. Wallahi ranar ko abinci na kasa ci. Zafin injin kuwa bai bar digiri 37.5 ba tun farko. Ina na kuskure?

Baba mai zabbi, Katsina:
Wa alaikumus salam. 'Yata, sannu da haƙuri. Ba zafi ne ya kashe su ba, hunturu ne. Abin da ya same ni ke nan shekarar da na fara. A watan Janairu iska ba ta da laima ko kaɗan, ruwan farantin da ke cikin injin kafin la'asar ya ƙafe. Kwana 18 na farko ana son danshin cikin injin ya tsaya wajen kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari, kwana ukun ƙarshe a ɗaga shi zuwa 65 ko 70. Ni soso nake jiƙawa da ruwan ɗumi in ajiye a kusurwa. Kuma faɗa mini gaskiya, da kika ji sun fara kuka, kin buɗe murfin?

Uwar tsaki:
Baba, na buɗe ya fi sau biyar. Yara ne suka matsa sai sun gani.

Baba mai zabbi:
To shi ke nan. Daga ranar 18 a daina juya ƙwan, a cika ruwa, a rufe. Wanda ya riga fitowa zai iya kwana guda a ciki ba ci ba sha, kwanduwar da ya shanye tana riƙe shi.

Ɗan'uwanku daga Maraɗi:
Ni wuta ce ta yi mini ɓarna. Aka ɗauke ta dare guda cur a kwana na 12. Na lulluɓe injin da bargo, na jera gorunan ruwan zafi a gefe, fiye da rabi suka tsira, sai dai sun makara da kwana ɗaya. Tun daga nan na haɗa batir da sola.

Hajiya, Bauchi:
Ku dai ku lura da ƙwan da kuke zubawa. Karon farko ƙwan kasuwa na saya, na kajin gidan gona da ba su taɓa ganin zakara ba, na yi sati uku ina juya baragurbi safe, rana, dare. Yanzu daga akurkina nake tarawa, zakara ɗaya kan kaji goma, ba ya wuce kwana bakwai a ajiye, tsinin yana kallon ƙasa. Ranar 7 in shiga ɗaki mai duhu in haska da tocilar waya. Mai rai za ki ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo, wanda ya fito fayau sai in cire.

Uwar tsaki:
Allah ya saka da alheri. Baba, ina da ƙwan zabbi 30, in haɗa su da na kaji?

Baba mai zabbi:
Na zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi. Ki fara zuba su, bayan sati ɗaya ki bi da na kajin, sai su fito kusan tare.